Wane folish zan saya wa babur ɗina, na kurom ko na alminiyam?

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah shawara nake nema. Babur ɗina ya kai shekara huɗu a hannuna, yanzu salansa da kariya da rim duk sun fara fitar da ɗigo-ɗigon tsatsa, wuyan salansar kuma daga wajen inji ya koma shuɗi-shuɗi. Murfin injin kuwa da yake alminiyam ne ya dusashe ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa hoda. Na sayi man goge ƙarfe guda ɗaya na bi ko'ina da shi, amma a jikin murfin wani wurin tsumman ya yi baƙi ƙirin wani wurin kuma ko gezau, abin ya zama dabbare-dabbare. Man ne ba shi da kyau ko ni ne ban iya ba? Kuma wanne zan saya wanda zai yi min duka?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka tambaya biyu ka haɗa, ta farko ko akwai folish ɗaya da zai wadatar da kai a kan kurom da alminiyam gaba ɗaya, ta biyu kuma me ya sa murfin injin ya yi maka dabbare-dabbare bayan ka sha wahalar guga. Ta biyun tun yanzu zan ce maka da wuya laifin man ne, kuma wannan baƙin da ka gani a tsumma shi ne ya tona mana asirin murfin naka, zan zo kansa. Ta farkon kuwa eh akwai waɗanda aka rubuta a jikinsu suna yin kowane ƙarfe kuma ba ƙarya suka yi ba, amma ni da na daɗe ina wannan aikin a gareji bututu biyu nake ajiyewa wani lokacin ma uku, kuma ba za ka yarda da ni ba sai ka san yadda ƙarafan nan biyu suke.

Kurom fata ne, alminiyam tsoka

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne salansar nan mai ɗaukar ido ba da kurom aka ƙera ta ba, baƙin ƙarfe ne na yau da kullum aka tsoma shi cikin ruwan sinadari aka sa masa wuta har wani ƙarfen ya manne a jikinsa. Da farko ana ɗora masa nikel, a aiki mai kyau ma sai an fara shimfiɗa jan ƙarfe a ƙasa kafin nikel ɗin, sannan daga ƙarshe a rufe da kurom. Tun wajen 1924 aka fara wannan sana'ar a Amurka ta hanyar da Colin Fink da Charles Eldridge suka fito da ita a jami'ar Columbia, kuma har yau tsarin kusan haka yake. Toh kaurin kurom ɗin nan na saman shi ne abin mamaki, bai kai maikiron ɗaya ba, galibi ma kwata ne ko rabi, maikiron kuwa in ka raba milimita gida 1000 ɗaya daga ciki kenan. Silin gashin kanka yana da kaurin maikiron 50 zuwa 100, kaga kenan sai an tara kurom ɗin salansarka aƙalla sau ɗari kafin ya kai gashi ɗaya. Yawancin sheƙin da kake gani ma na nikel ɗin ƙasa ne, kurom ɗin yana ba shi wannan hasken mai shuɗi-shuɗi ne ya kuma hana shi dusashewa.

Kurom yana da taurin tsiya, a ma'aunin Mohs na taurin abubuwa yana wajen 8.5 inda daimon yake 10, kuma shi kansa ba ya tsatsa. Tsatsar da kake gani daga baƙin ƙarfen ƙasa take fitowa, akwai ƙananan ƙofofi da tsaga a jikin kurom ɗin waɗanda ido ba ya gani, ruwa ya bi ta nan ya tarar da ƙarfe, tsatsar ta kumbura ta ɓullo sama ta bazu a kan fuskar. Shi ya sa sau da yawa in ka cire ta sai ka tarar ɗigon da ya kai ƙwayar ido girma ashe ramin da ya haife shi bai wuce bakin allura ba.

Alminiyam kuwa duk inda ka yanka shi alminiyam ne har ciki, kuma laushi gare shi, bai kai 3 ba a wannan ma'aunin. Ba ya jan tsatsa, abin da yake yi shi ne da iska ta taɓa shi nan take zai yi wa kansa wata siririyar riga, ita ce ke kare shi, amma da ruwa da gishiri da sabulu mai kaifi suka dame shi sai rigar ta lalace ta zama wannan farin garin da ka ce kamar hoda. Don haka goge alminiyam sassaƙa ce ta gaske, kana cire saman ƙarfen ne kaɗan-kaɗan har ka iso inda yake sumul, kuma yana da naman da zai jure hakan shekara da shekaru. Shi kurom wankewa kawai ake yi masa, in ka ce za ka sassaƙe shi ba abin da za ka sassaƙa sai fatar.

Na koyi wannan ne da kaina ba a littafi ba. Ina sabon shiga aka kawo mana wani tsohon babur mai zoben fitila na kurom, akwai wani tabo a gefe da ya ƙi fita, na ɗauko man da muke goge alminiyam da shi na sa a keken guga na danna da ƙarfina, ban yi minti biyu ba sai na ga wurin ya koma ɗorawa-ɗorawa kamar tsohuwar azurfa, gefensa kuma yana nan da farin haskensa. Ashe kurom ɗin na cinye, nikel ɗin ƙasa ne na tono. Ogana ya ɗaga zoben ya juya shi a rana ya daɗe yana kallo, sannan ya ce garin gyaran gira ka tsone ido, kuma wannan ba man da zai mayar da shi, sai da muka nemo wani zoben.

Kafin ka sayi komai san abin da ke hannunka

A jikin babur ɗaya za ka iya samun abu biyar ko shida masu ƙyalli kuma kowanne da halinsa, gwajin kuwa ba wuya. Nemi maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ya isa. Duk abin da ke sheƙi kamar madubi kuma maganaɗisu ya kama shi cak, toh baƙin ƙarfe ne mai rigar kurom, nan ne salansa da kariya da rim mai wayoyi da hannun babur suka fi faɗawa. In bai kama ba sai ka ƙwanƙwasa da farce, in ka ji sauti maras nauyi kuma abin ba sanyi a hannu roba ce aka yi mata ado, irin bayan madubi da zoben sigina da tambarin tanki, wannan kada folish ɗin ƙarfe ya kusance ta, ruwa da sabulu da ƙyalle mai laushi sun ishe ta don wasu ma fesa musu ƙyallin kawai aka yi, guga biyu ya tafi. Akwai kuma salansar sitenles, wato farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, wadda galibi maganaɗisu ba ya kama ta ko ya kama sama-sama, ita kamar alminiyam take ta wajen cewa ƙarfe ɗaya ne har ciki, tana jure guga sosai.

Alminiyam ɗin kansa kala uku ne a babur, kuma a nan matsalarka take. Akwai tsirara wanda ba a shafa masa komai ba. Akwai wanda kamfani ya goge sannan ya fesa masa banish, wato farin fentin nan garai-garai da masu fenti ke ce wa kiliya, ko kuma ya fesa masa fenti ruwan azurfa wanda daga nesa za ka rantse ƙarfen ne. Sai na ukun wanda aka yi wa anodayiz, wato an tsoma shi a asid an sa wuta don rigar nan tasa ta yi kauri ta kai maikiron 5 zuwa 25 sannan a rina ta, shi ne kake ganin ja ko shuɗi ko ruwan gwal ko baƙi a liba da rim da marfin mai, wani kuma ba a rina shi sai ya fito fari mai ɗan dishi-dishi.

Gwajin shi ne wanda ka riga ka yi ba ka sani ba. Ɗiga folish kaɗan a farin tsumma ka murza a wurin da ba a gani. In tsumman ya yi baƙi nan da nan tsirara ne, baƙin nan garin alminiyam ne da man ya kankaro, ƙarfe in ya yi laushin gari sosai baƙi yake komawa. In ka murza ka murza tsumman yana nan fari ko ya ɗan ɗauko datti kawai, akwai wani abu tsakaninka da ƙarfen. Ban ga babur ɗinka ba amma yadda ka kwatanta, wani wuri baƙi wani wuri ko gezau, ga fari-fari, alamar banish ce da ta tsufa, zafin inji da rana da tsakuwar hanya sun fasa ta, ta ɗaye a wasu wurare ta rage a wasu. Duba da kyau a cikin haske, in ka ga wasu fararen layuka a murɗe kamar sawun tsutsa suna tafiya a ƙarƙashin wata fata mai ɗan rawaya toh shikenan magana ta ƙare, ruwa ne ya shiga ƙarƙashin banish ɗin yana cin ƙarfen ta ciki, kuma ko wane folish ka sayo a duniya saman banish ɗin zai tsaya.

Me ke cikin bututun

Duk folish ɗin ƙarfe abu uku ne a haɗe. Akwai garin kankara mai laushi wanda shi ke yin aikin, yawanci garin alumina ko silika ko farar ƙasa, akwai mai dangin kananzir da ke narkar da maiƙo da kwalta, sannan akwai ɗan kaki ko maiƙon da ke zama a saman ƙarfen bayan ka share. Wasu ana ƙara musu amoniya, ita ce warin nan da ke hawa kai in ka buɗe gwangwani. Bambancin wannan da wancan kusan duk a garin yake, girman ƙwayarsa da taurinsa da yawansa. Garin alumina taurinsa 9 ne, ya ɗara kurom, kaga kenan man da aka cika shi da shi don ya ci alminiyam da sauri zai iya zana kurom ɗinka, ba za ka gani a inuwa ba sai ka fito rana ka ga wasu siraran zobba kamar saƙar gizo-gizo.

In sunaye kake so ga waɗanda na fi sani. Autosol na Jamus ne, a garin Solingen ake yin sa, mai kauri ne a bututu kamar man goge baki, yana cikin masu yin kowane ƙarfe kuma yana da ɗan ci, shi ya sa yake da kyau a sitenles da tsirarar alminiyam da kurom ɗin da ya riga ya fara tsatsa, amma ni ba na bin sabon kurom da shi kowane mako. Simichrome shi ma na Jamus ne, ya fi laushi, na gamawa ne. Mothers na Amurka suna da Mag & Aluminum Polish wanda a tsirarar alminiyam yana cikin waɗanda suka fi fito da madubi, kuma su da kansu sun rubuta a jiki kada a sa a kurom ko abin da aka yi wa anodayiz ko fenti, sun yi wani daban na ruwa mai suna Chrome Polish, kaga ko kamfanin ma ya raba su gida biyu. Nevr-Dull auduga ce jiƙe da mai a gwangwani, ka yago kaɗan ka goga, ba ta da ci sosai, tana da daɗin shiga tsakanin wayoyin rim da lungunan da yatsa ba ya kaiwa. Brasso kuwa tun 1905 ake yin sa a Ingila kuma tagulla aka yi shi dominta, zai ɗan haska kurom in ba ka da wani amma ba shi zan aike ka saya ba.

Kada suna ya ɗauke maka hankali dai, juya bayan bututun ka karanta, layin da ya fi amfani shi ne wanda ya lissafa inda ba a sawa. In ba ka samu ko ɗaya cikin waɗannan ba, nemi na ruwa mai laushi da aka rubuta kurom a jikinsa, da mai kauri da aka rubuta alminiyam, su biyun nan su ne amsar tambayarka. In kuma aljihu bai ba da damar biyu ba ɗauki mai yin kowane ƙarfe, amma a kurom hannunka ya zama kamar kana share gilashin tabarau, kuma ba kullum ba.

Salansa da kariya da rim

Fara da wanki, wannan ba wasa nake ba, rabin karcen da nake gani a kurom ba folish ne ya yi shi ba, ƙura ce da yashi da aka murza da busasshen tsumma. Bari injin ya huce sarai, zuba ruwa da yawa ya tafi da yashin, sabulun wankin mota da soso mai laushi, inda giris ko kwalta ya kama ka ɗan taɓa da kananzir sannan ka sake wankewa ka tsane. Sau da yawa daga nan ma za ka ga kashi biyu cikin uku na abin da kake kira dusashewa ya tafi.

Ɗigon tsatsar kuma ga abin da nake fara gwadawa kafin in buɗe kowane bututu. Yago takardar foyil ta alminiyam ka dunƙule ta sako-sako, tsoma a ruwa, ka riƙa goga wurin a hankali kana ƙara ruwa. Foyil ɗin yana kankare tsatsa amma bai kai kurom tauri ba, sai ka ga wani ruwa mai launin ƙasa-ƙasa yana gangarowa, ka share ka duba. Na ga kariyar da mai ita ya fid da rai da ita ta dawo tana ɗaukar ido da wannan kaɗai. In ta ƙi, sai soson ƙarfe mai lamba 0000, sifili huɗu, shi ne mafi laushi, kuma a jiƙa shi da folish ko ɗan mai kada a sa shi a bushe, bayan nan a wanke wurin sosai don ɓurɓushinsa in ya maƙale shi ma tsatsa zai yi ya bar maka sabon tabo. Soson wayar wanke tukunya da samfefa da burushin waya kuwa ko da wasa kada su hau kurom. Bayan tsatsar ta fita sai ka bi da folish mai laushin, ɗan kaɗan a ƙyalle, ka share da wani ƙyallen mai tsabta.

Amma fa ka sani ramin da tsatsar ta fito ta ciki yana nan, in ka bar shi a buɗe damina ɗaya ta ishe shi ya dawo, don haka kariya da rim da hannu sai a shafa musu kakin mota ya toshe ƙofofin. Salansa ce kakin ba ya zama a kanta, kakin karnuba da ake sawa a yawancinsu yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 82 zuwa 86 na Salsiyas ba, wuyan salansa kuwa ya ninka haka sau da yawa, ita sai dai yawan sharewa da tsanewa bayan ruwa. Inda kuma kurom ɗin ya kumbura ya fara ɓarewa kamar ɓawon itace, ko wurin ya yi zanzana baƙi-baƙi, nan aikin folish ya ƙare, ko a kai wa masu sake tsoma ƙarfe, ko a kankare a yi fentin da ke jure zafi, ko a canza. Sake kurom ba aikina ba ne kuma ba na gida ba ne, ruwan da ake amfani da shi guba ne mai haɗari.

Shuɗin wuyan salansa zafi ne ya toya fuskar ƙarfen, yana farawa da ruwan ɗorawa ya koma ruwan hoda mai duhu ya ƙare a shuɗi. Kaɗan daga bakin inji ba abin damuwa ba ne musamman a salansa mai bango ɗaya, amma in shuɗin yana ƙara tsawo yana gangarowa toh injin yana zafi fiye da ƙima, ka sa bakanike ya duba kafireta ko iska ta yi wa mai yawa, ko akwai inda iska ke satar shiga, ko taimin ya goce, ko kuma kai ne mai barin babur a kunne a tsaye tsawon lokaci. Akwai mayukan da ake sayarwa don cire shuɗin kuma suna rage shi, sai dai kankarewa suke yi, kowane zagaye yana rage fatar nan da na ce maka ba ta kai maikiron ba, kuma in ba a gyara sababin ba sati biyu ya dawo. Ni a nawa babur ɗin na bar shi, har ma yana burge ni.

Wani wuri ɗaya da zan ja kunnenka, sandunan shokar gaba inda suke shiga suna fita. Kurom ɗinsu mai kauri ne na aiki ba na ado ba, amma sil ɗin roba ne ke bin jikinsu, duk wani kaushi ko rami mai kaifi zai yanka sil ɗin mai ya fara zuba har ya gangaro kan birki. Share su da ƙyalle da ɗan mai, tsatsa in ta fito foyil a hankali, in farcenka yana maƙalewa a ramin a kai wa mai gyaran shoka.

Murfin injin

Hanya biyu ce a gabanka kuma gara ka zaɓa ido buɗe. Ta farko ka cire sauran banish ɗin gaba ɗaya ka mayar da murfin tsirara ka goge shi ya zama madubi. Ta biyu ka kankare ka sake fesa masa fentin inji ruwan azurfa ka huta. Ta farkon ta fi kyau nesa ba kusa ba amma aure ne ka ɗaura, tsirarar alminiyam ba ta zama haka nan, duk bayan 'yan makonni sai ka bi ta da folish, in kana kusa da teku ko kana bin hanyar da ake zuba wa gishiri lokacin ƙanƙara ma abin ya fi haka sauri. In kai mai fita kullum ne cikin ruwa da laka kuma ba ka da lokacin zaman guga, wallahi fentin ya fi maka, kwalliyar madubin ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

In ka zaɓi madubin, ciro murfin daga jikin inji ya fi, ka tanadi sabon gasket, in kuma murfin da mai ke bayansa ne a juye man tukuna. Cire banish ɗin da maganin cire fenti wanda aka rubuta ba ya cutar da alminiyam, da safar hannu, a waje inda iska ke kaɗawa. Daga nan samfefar ruwa, wadda lambar jikinta in ta ƙaru laushinta ke ƙaruwa, in ramukan sun yi zurfi fara da mai lamba 400, in ba su yi ba 600 ko 800 ya isa, sai 1000, sai 1500, sai 2000, kana tsoma ta a ruwa mai ɗan sabulu. Sirrin shi ne duk lambar da ka canza ka canza alƙibla, wannan ka bi tsaye na gaba ka bi kwance, kuma kada ka wuce gaba sai layukan ta baya sun ɓace gaba ɗaya, wanda ya yi tsalle daga 400 zuwa 1500 zai gama ya ga ƙyalli amma da zane a ciki kamar an ja ƙaya a kai. Da ka gama 2000 murfin zai yi sumul mai hazo-hazo, a nan ne folish ɗin alminiyam ke nuna kansa, ɗiga kamar ƙwayar maɓalli, murza wuri kaɗan da bai wuce tafin hannu ba har ya yi baƙi, share da ƙyalle mai tsabta kafin ya bushe, sake, sake, za ka ga fuskarka tana fitowa a hankali kamar mai leƙa rijiya. Tsumma da yawa za ka ci, wanda ya yi baƙi ka ajiye shi don garin da ke jikinsa yana mayar da hazo, kuma tsumman alminiyam kada ya koma kan kurom.

Mai keken guga ko dirila zai rage wahala, sabulun guga, wato daskararren folish da ake shafa wa faifan keken, mai ruwan ƙasa da ake kira tirifoli a fara da shi a kan faifan ƙyalle ɗinkakke, a gama da farin a kan faifai mai sako-sako, kowane sabulu da faifansa. A rufe hanci da ido, a naɗe hannun riga, a riƙe murfin a ƙasan tsakiyar faifan don in ya fizge ya jefa shi ƙasa ba fuskarka ba, kuma kada a tsaya wuri ɗaya har ƙarfen ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba.

Kada ka sa ran zai kai hasken kurom dai. Murfin inji zubi ne, narka shi aka yi aka zuba a mazubi mai siffarsa, kuma irin wannan alminiyam ana haɗa shi da silikon mai yawa, wani kashi 7 cikin 100 wani har 12, shi ya sa haskensa ke ɗan yin toka-toka kuma wani lokacin kana kankara kana tono ƙananan ƙofofin iska da suka maƙale tun wajen zubi, in ka ga haka tsaya, ƙara zurfi ƙara tono su ne. Haƙarƙarin silinda masu fitar da zafi kuma ka ƙyale su da wanki da burushi mai laushi, fuska mai kaushi ko mai baƙin fenti ta fi mai sheƙi sakin zafi, ga shi aikin banza ne shiga tsakaninsu. Wasu manyan babura murfinsu na maganiziyam ne, galibi an rubuta a jiki, shi ba a tsiraita shi sam.

Abin da ya fi kashe alminiyam a hannun mutane wanki ne ba rashin folish ba. Soda mai ƙuna da maganin wanke murhu suna cin sa har ya yi kumfa ya koma toka-toka, suna kuma cire anodayiz cikin mintuna, garin sabulun wankin kaya ma in ana barin sa ya bushe a jiki a hankali yana dusar da shi, ruwan wanke rim mai asid kuma in ba a rubuta ya dace da tsirarar alminiyam ba farin tabo zai bar maka, wasunsu ma suna da asid ɗin da ke ratsa fata. Soson ƙarfen da na yarje maka a kurom a nan ban yarje ba, ɓurɓushinsa yana nutsewa cikin alminiyam ya yi tsatsa a ciki. Kayan anodayiz ruwa da sabulu mai laushi da ɗan kaki kawai. Kuma duk abin da za ka shafa, folish ne ko kaki, ka nisanta shi da faifan birki da taya da robar hannu da inda kake taka ƙafa, in ya taɓa faifan birki bisa kuskure a wanke da maganin wanke birki kafin a hau.

Wanda ka riga ka saya kada ka zubar, tunda ya baƙanta tsumma yana ci kenan, ajiye shi na murfin inji bayan ka cire banish ɗin. Abin da ya rage ka nemo shi ne na kurom mai laushi da gwangwanin kaki da samfefa daga 600 zuwa 2000, kuma ka fara da ƙaramin murfin gefen hagu ko wani ɗan ƙarfe da ba a gani sosai, in hannunka ya faɗa sai ka taɓa babban.